Ciwon Kwalta Daga Ƙasa Yake Tasowa

Mai bin hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni har ya gangara Isa zai lura kwalta ba ta mutuwa bai ɗaya. A kan tudu tana jurewa, amma da an sauka fadama sai mota ta fara rawa. Direbobi kan ce an ci kuɗin aiki, ko tireloli ne suka yi mata nauyi. Da gaskiyarsu, sai dai tirelar da ta taka fadamar ai ita ta taka tudun.

Manomin Gobir ya riga injiniya sanin amsar. Ya san jigawar da yake shuka gero ba ta riƙe ruwa, ya kuma san lakar bakin Gulbin Rima da Bunsuru: da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare har yaro ya iya zura hannu. Kwaltar da aka shimfiɗa a kanta dole ta bi wannan motsi. Tsaga siririya ke fara fitowa, ruwa ya sulale ciki ya jiƙa ciko, taya ta danna, taɓo ya ɓulɓulo. Kafin kaka an samu rami.

Masana duwatsu sun raɗa wa shimfiɗar ƙasar yankin Sabon Birni da Isa sunan Gundumi. Rairayi ce da tsakuwa, da yumɓu kwance a tsakaninsu nan da can, don haka gwaji ɗaya ba ya wakiltar hanya guda. Sai an bi ana haƙa rami ana ɗibar ƙasa. A ɗakin gwaji akan kwaɓa ta a murza a tafin hannu kamar taliya. Idan ta sirance zuwa milimita 3 ba ta gutsure ba, akwai yumɓu. Wata kuma a daɓe ta a tsoma a ruwa kwana 4, sannan a danna a ga ƙarfin da ya rage mata. Wannan ne gwajin da na fi yarda da shi, domin ƙasar da aka auna a bushe a watan Maris kan yaudari mutum.

Inda aka tarar da laka, sai a kwashe ta a cika da marmara, ko a gauraya ta da siminti, a ɗaga hanyar sama da inda ambaliya ke kaiwa. Mutanen Goronyo ba su manta ruwan 2010 ba. Kwalbati kuma a riƙa yashe shi kafin Yuni, don rairayin da iska ke kwasowa da rani kan toshe bakinsa, ruwan farko ya rasa mafita ya kwanta a gindin hanya.