Atimiya: Garin Cikin Gwangwani Mai Rai

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a yankinmu, daga Ƙafin Maiyaki har bakin madatsun Tiga da Bagauda a ƙasar Bebeji, ya ga wani gwangwani da ake kaffa-kaffa da shi. Abin da ke ciki gari ne ruwan ƙasa, lukui kamar yajin da aka tankaɗe. Masu sana'ar na kiran sa atimiya, wasu ma sun ɗauka haɗin kamfani ne. Alhali ƙwai ne na wata 'yar halitta dangin jatan lande, wadda ko ta gama girma da ƙyar take wuce santimita ɗaya, kuma kowane ƙwai na nan da ransa.

Gidanta ruwan da gishiri ya yi wa katutu. Lita ɗaya ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35, atimiya kuwa tana walawa a ruwan da ya ninka haka sau biyar. Ba ƙaya gare ta ba, ba ɓawo mai tauri. Kariyarta ɗaya ce: kifi ba ya iya bin ta can. Sai dai tsuntsaye irin su filamingo, waɗanda jan gashinsu daga irin wannan cima yake zuwa.

Wannan son gishiri ne ya sa ake samun ta a gonakin gishiri na bakin teku, inda ake tare ruwa a jerin kududdufai, rana na ƙafar da shi, ana tura shi daga wannan zuwa wancan. A kududdufan tsakiya take aikinta. Tana tace gansakuka tana ci, ita kuwa gansakuka in ta yi yawa sai ruwa ya yi yauƙi, gishiri ya fito da dauɗa. Kashinta da gawarta kuma su ke ciyar da wasu jajayen ƙwayoyin halitta da ke rina kududdufan ƙarshe, jan ruwa ya fi riƙe zafin rana, ya fi saurin ƙafewa. Manoman gishiri na Vinh Chau a Biyetnam sun soma kiwon ta tun shekarun 1980, haka ma aka shigar da ita gonakin gishiri na wajen Malindi a Kenya.

Idan zama ya yi daɗi, macen takan haifi rayayyun 'ya'ya. In gishiri ya tsananta ko abinci ya yanke, sai ta koma saka ƙwai mai kwasfa, wanda zai bushe ya yi shekaru yana jiran ruwa. Shi ake kwasowa a tace a busar, kuma kaso mai tsoka na wanda duniya ke amfani da shi daga Babban Tafkin Gishiri na jihar Yuta a Amurka yake fitowa. Mutane ma sun ci ta: a Fazzan ta Libiya, yankin da ayarin Kano zuwa Tarabulus ke ratsawa a da, matan al'ummar Dawada sun kasance suna tace ta a tafkunan gishirinsu, su kirɓa, su shanya.

Me ya sa sai ita ake ba 'ya'yan tarwaɗa? Ɗan tarwaɗa kan soma neman abinci wajen kwana 3 da ƙyanƙyasa, bakinsa ɗan ƙiris, cikinsa bai yi ƙwari ba. Jaririn atimiya bai wuce rabin milimita ba, yana wutsil-wutsil yana jawo ɗan kifin ya kai cafka, kuma in an cire ruwan jikinsa, kusan rabin abin da ya rage sinadarin gina jiki ne, ga maiƙo mai yawa.

Inda ake tafka asara shi ne wajen lokaci. A ruwa mai gishiri giram 25 zuwa 30 a lita, da iska da haske da ɗumin kusan digiri 28, ƙwan na fashewa cikin awa 24 ko kusa da haka. Jaririn da ya fito bai soma ci ba tukuna, gwaiduwar jikinsa yake ƙonawa. Duk awar da aka ƙara, amfaninsa na zagwanyewa. Mai barin sa ya kwana don gobe, kuɗin da ya biya da farashin dala ne yake zubarwa. Da zarar ƙwan ya fashe, a tsayar da iska, kwasfa ta taso sama, a zuƙo jariran, a ɗauraye su, don 'ya'yan kifi ba sa narkar da kwasfar. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, domin a ruwan daɗi cikin 'yan awoyi suke mutuwa, su ruɓe su ɓata ruwan.

Gwangwanin da aka buɗe kuma a toshe shi sosai a wuri mai sanyi, laima na kashe ƙwan. Lokacin hunturu, da sanyin wajen Tudun Wada da Doguwa ya sauko, ƙyanƙyasar kan yi jinkiri, sai an ɗumama ruwan kafin a zargi mai shago.