Bayani a Kan Zamewar Giya Cikin Tsofaffin Motoci

Yawancin mutane sun ɗauka motar da ke kashe mutum ita ce wadda birkinta ya tsinke, watau wadda aka ce ta tsaya ta ƙi. Haka ne, amma akwai wata wadda sharrinta bai gaza na wannan ba, ita ce wadda aka ce ta tafi ta ƙi, a daidai sa'ad da ran mutanen cikinta ya rataya ga tafiyarta. Wannan shi ne halin tsohuwar mota mai otomatik, watau mai canja giya da kanta, idan giyarta ta soma zamewa. Giyar da a ke nufi a nan ta mota ce, ba ta sha ba. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, wannan cuta ba safai ta ke kā da mota rana ɗaya ba. Ta kan daɗe tana sallama kafin ta shigo.

Asalin Abin

A shekarar 1939 ne kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da giyar da ya kira Hydra-Matic, ya sa ta cikin motocin Oldsmobile ƙirar 1940. Ita ce ta farko irinta da aka ƙera da yawa don kasuwa. Amurkawa suka karɓe ta hannu biyu biyu, har ya zama da wuya a ga motar gida a can mai kuloci. A Nijeriya kuwa an daɗe ana kan giyar hannu. Kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma a kan irin waɗannan ne manyan makanikai da yawa na Arewa suka koyi sana'a. Da sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, sai aka koma ga na hannu, waɗanda a ke saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Ikko da Kwatano, a ke kiransu tokumbo ko Beljiyam. Da yawansu masu otomatik ne, kuma sun ci shekara goma ko fiye a hannun wani kafin su haye teku.

Yadda Ta Ke Aiki

A mota mai giyar hannu, ƙafar direba ce ke raba inji da taya, ta kuma haɗa su. A mai otomatik kuwa mai ne ke wannan aiki, wani jan mai mara kauri, dabam da baƙin man inji. Tsakanin inji da akwatin giya akwai wata tukunyar ƙarfe cike da man nan, da farfela biyu a ciki suna fuskantar juna ba su taɓa juna. Inji ya juya ta farko, ta farko ta kaɗa mai, mai ya juya ta biyu. Misalinsa mace mai dama fura: ludayi ya juya nono, nono ya juya duk abin da ke cikin ƙwarya. Don haka ne mota ke tsayawa cik a kan birki inji bai mutu ba.

Can cikin akwatin kuma akwai faya-fayen ƙarfe sirara jere da juna, wasu an lulluɓe fuskarsu da wani abu mai kama da takarda mai kaushi. Akwai famfo wanda inji ke juyawa, shi ke tura mai da ƙarfi ya matse faya-fayen nan su kama juna gam, sa'an nan giya ta shiga. Man nan ɗaya shi ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke matse faya-fayai, shi ke sa ƙarafa santsi, shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai shi lagireto ya huce.

To, idan mai ya ragu, ko ya tsufa, ko robobin da ke tsare shi suka bushe, ko fuskar faya-fayan ta cinye, sai matsi ya yi rauni, su riƙa gogar juna ba su kama ba. Wannan shi ne zamewa. Duk wanda igiyar guga ta taɓa suɓuce masa a bakin rijiya ya san zafin da ta ke bari a tafin hannu. Haka abin ya ke a nan: zamewa ta haifi zafi, zafi ya ƙone mai, ƙonannen mai ya ƙara zamewa, har ran da akwatin zai ce ga garinku.

Alamomi

Babbar alama ita ce direba ya taka totur, inji ya yi ruri, allurar da ke nuna juyin inji ta tashi, amma gudun mota bai ƙaru ba. Ta biyu, a sa giya a D ko a R, mota ta yi jim kamar mai shawara, sa'an nan ta shiga da zabura. Ta uku, ta riƙa fizga ko rawar jiki wajen canji. Ta huɗu, a ga ɗigon jan mai a inda ta kwana. Ta biyar tana jikin man kansa. A zaro geji a goga a farin ƙyalle: lafiyayyen mai ja ne garau, wanda ya ƙone kuwa ya kan koma ƙasa-ƙasa ko baƙi, da ƙauri. In aka gan shi ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, to bututun da ke cikin lagireto ya fashe, ruwa ya shiga, ruwa kuwa ya kan ɓanɓare fuskar faya-fayai. A motocin Honda na wancan zamani, harafin D da ke gaban direba ya kan riƙa ƙyaftawa in akwai damuwa. Ruwa ba ya tsami banza.

Inda Haɗarin Ya Ke

Wuri na farko shi ne wajen wuce babbar mota. A hanya mai hannu ɗaya, direba ya ari hannun masu tahowa don ya wuce tirela, ya auna tazara da ido bisa ga ƙarfin da ya saba samu daga motarsa. A wannan lokaci ne a ke nema wa giya iyakar ƙarfinta, a nan ne kuma mai rauni ke saki. Sai inji ya yi ta kuka a banza, mota ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da tirela, ga wata ta doso. Na biyu shi ne mahaɗar hanya da mashigar jirgin ƙasa, inda jinkirin ƙyaftawar ido biyu ya isa ya bar mota a gicciye. Na uku shi ne tudu, irin Hawan Kibo a kan hanyar Jos. Wajen hawa mota ta kasa har ta soma komawa da baya, wajen gangara kuma inji ya daina riƙe ta, nauyi duka ya koma kan birki, birki ya ɗau zafi ya daina ci. Ban da waɗannan, man giya in ya tsiyaya kan salansa mai zafi yana iya kama wuta.

Abin Da Ya Faru a Amurka

Akwai kuma lahanin da ya ke tun daga maƙera. A watan Afrilu na 2004 kamfanin Honda ya yi kiran motoci kamar 600,000 a dawo da su gyara, irin su Odyssey da Pilot da Acura MDX. A watan Yuni ya ƙara da wasu, har jimla ta kai wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari. Cikin waɗanda aka ƙara akwai Accord ƙirar 2003 da 2004 mai fulogi shida, watau cikin dangin wadda dillalan Nijeriya suka laƙaba wa End of Discussion. Dalili shi ne mai ba ya isa ga haƙoran giya ta biyu yadda ya kamata, sai su ɗau zafi, har wani ya gutsure ko ya karye, akwatin ya cije ana cikin gudu. Motar da ba ta wuce mil 15,000 ba aka ɗaura mata ɗan bututu mai fesa mai a wurin. Wadda ta wuce haka aka leƙa cikinta, in an ga zafi ya sāke launin ƙarfen sai a canja akwatin ɗungum, kyauta.

Kafin wannan, a 1980, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta tuhumi motocin Ford da cewa giyarsu ta kan fice daga P ta faɗa ribas in an bar inji yana aiki, mota ta bi ta kan mai ita ko yaron da ke bayanta. Aka daidaita a kan kamfanin ya aika wa masu motoci sama da miliyan 20 takardar gargaɗi su manna a gaban direba, tana cewa a tabbata giya ta zauna a P, a ja birkin hannu, a kashe inji. Gargaɗin nan ya shafi kowace mota mai otomatik har yau, domin abin da ke riƙe ta a P wata 'yar sakata ce wadda ba ta fi yatsa ba.

Abin lura a nan shi ne, a can wasiƙa ce ta ke iske mai mota har gida. Motar da aka yi gwanjonta, ta haye teku, ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso Kano ko Maraɗi, babu wasiƙar da za ta biyo ta. Kunnen direba da hancinsa da idonsa su ne wasiƙarsa.

Abin Da Ke Gaggauta Mutuwarta

Babban abokin gāban giya zafi ne, zafi kuwa ba a sayensa a Sakkwato ko Maiduguri, inda awo ke wuce digiri 40 a bazara. Ga cunkoson birni, ga lodin da ya wuce kima, motar mutum biyar ta ɗauki takwas da buhunan hatsi. Ga juye kowane irin jan mai da aka samu a bakin titi, alhali kowane kamfani da irin nasa: Honda na da ATF-Z1 wanda DW-1 ya gāje shi, Toyota na da T-IV da WS, General Motors na da Dexron. Ga cika lagireto da ruwan rijiya, wanda ke cin bututun ciki da tsatsa. Ga jefa giya a ribas mota ba ta gama tsayawa ba. Ga kuma sa ta a firi a gangara don tsimin fetur, wanda ke raba direba da taimakon inji a lokacin da ya fi bukatarsa. A doguwar gangara, 2 ko L a ke sa wa, don haka aka yi su.

Abin Yi

A riƙa duba mai a wuri mai daidai, bayan mota ta yi zafi. Yawancin motoci inji na aiki a ke dubawa, amma Honda sai an kashe shi, a duba nan take. A canja mai bisa ga littafin motar, a kuma bi ƙa'idar da ya ba masu aikin wahala, don hanyoyin ƙasashen nan duka aikin wahala ne. Sai dai a sani, sabon mai ba ya mayar da faifan da ya cinye. In zamewar ta ci gaba bayan an cika mai, sai buɗewa, wurin makanikin da ya san otomatik. Akwatin da a ke sayowa a Ƙofar Ruwa ko Panteka shi ma na hannu ne, da shekarunsa a kansa, a gwada shi kafin a gama biya.

Wanda giya ta zame masa yana cikin wuce mota, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya koma bayan babbar motar, ya kunna sigina, ya sauka gefen hanya, ya sa waigi da alama. Irin wannan mota ba ta tashi da turi, kuma ba a janta da igiya tafiya mai nisa, domin in inji ya mutu famfo ya tsaya, ƙarafa za su ci juna a bushe. Janwe a ke kira ya ɗaga tayun da ke ja.

Mai saye kada ya yarda da zagayen fili. Ya tuƙa ta tana sanyi, ya tuƙa ta ta yi zafi sosai, ya hau tudu da ita, ya shinshina geji, don wata zamewar ba ta bayyana sai mai ya yi zafi. Mai sayarwa kuma ya san cewa ɗura wa giya mai mai kauri don aibinta ya ɓuya kwana biyu algus ne, kuma malaman fiƙihu sun ba mai saye ikon mayar da hajar da aka ɓoye masa aibinta. Wannan aibi kuwa ya wuce asarar kuɗi, tun da wanda ya saya matarsa da 'ya'yansa zai ɗauka a ciki. Haka direban haya wanda ya ji alama da safe, ya ce bari ya ƙara sawu ɗaya ya haɗa kuɗin gyara: fasinjan da ya biya kuɗin mota bai san da wannan shawara ba, ba a kuwa nemi yardarsa ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gidansa lafiya. Haza wassalam.