Aikin Rabin Yini Bayan Hutun Haihuwa a Ingila

A Ingila, doka ta ba mai jego hutu har na mako 52. Sai dai kuɗin gidan raino kan cinye albashi, shi ya sa mata da yawa ke neman aikin ofis na rabin yini, ko na kwana uku a mako. Tun daga 6 ga Afrilun 2024, ma'aikaciya na iya neman a sassauta mata lokutan aiki tun ranar da aka ɗauke ta aiki, har sau biyu a shekara. Wajibi ne ma'aikata ta ba da amsa cikin wata biyu, kuma ba ta da ikon ƙi sai da hujjar da doka ta amince da ita.