Albashin mai raino: akwai haraji a ciki?

A Kazaure, Babura, Roni ko Gwiwa, malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti kan ɗauki mai raino, ta biya ta ƙarshen wata, wani lokaci ma a damƙa kuɗin a hannun mahaifiyar mai rainon.

A ƙa'ida, mai biyan albashi shi ke cire harajin albashi (PAYE), ya miƙa wa hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Jigawa. Sai dai sabuwar dokar haraji, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko a shekara. Mai raino da ke karɓar dubu 20 ko 30 a wata ba ta ko kusa da nan.

Saboda haka, uwar gida, kada ki rage mata ko kwabo da sunan haraji.