Mu Tsare Ƙasar Gonarmu

Kowa ya san duwatsun da suka kewaye garin Dutse. Daga gare su garin ya sami sunansa. To, ko mun san daga dutse ƙasar noma take fitowa?

Da rana dutse ya yi zafi, da dare ya huce. Yau da gobe sai ya tsage. Ruwan sama ya shiga tsagar, saiwar itace ta ƙara buɗa ta. Dutse ya zama tsakuwa, tsakuwa ta zama rairayi. Ganye da kashin dabbobi su ruɓe a ciki, sai ta zama ƙasar noma. Kafin a sami kaurin inci ɗaya, sai an yi ɗaruruwan shekaru.

Ƙasarmu iri-iri ce. Fadama tana da laka, tana riƙe ruwa, shinkafa da rake suna sonta. Jigawa kuwa rairayi ce, ta gero da gyaɗa. Sunanta aka ba jiharmu a 1991.

Amma jigawa ba ta da danƙo. In mun sare itatuwa, mun ƙone kara, sai ta zauna tsirara. Iska ta kwashe, ruwa ya share, gona ta koma kwazazzabo. Wannan shi ne zaizayar ƙasa.

Maganinta yana hannunmu. Mu yi kunya a gicciye, kada ta bi gangare. Mu dasa gamba a kan iyaka. Mu bar gawo a gona, mu zuba taki. Gonar da muka gada, 'ya'yanmu suna jiranta.