Motar da ka bari a gida: yadda za ka hana batirinta mutuwa kafin ka dawo

'Yan uwa mazauna Legas, Ibadan, Fatakwal da Lokpanta, akwai asarar da da yawanmu ke tafkawa duk shekara ba tare da mun lissafa ta ba. Mutum ya yi fatauci, Allah ya buɗa, ya sayi mota 'yar Kwatano ya kai Potiskum ya ajiye, ya bi tirelar shanu ya koma kudu. Daga Legas zuwa gida ya haura kilomita 1,000, ba tafiyar da ake yi kowane wata ba ce. Sai ƙaramar Sallah ko babba ya dawo, ya murɗa makulli, ya ji "kat-kat-kat", ko ma shiru. Daga nan sai neman mai wayarin, sai sabon batir, shekara ta zagayo a maimaita. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, har waɗanda ke zaune a garin sun rage hawa mota, wani sai ranar Laraba idan zai shiga kasuwar shanu yake fito da ita. Kuma abin ya wuce maganar kuɗi: motar da aka bari domin lalurar iyali, idan naƙuda ta tashi ƙarfe 2 na dare ta ƙi tashi, ba ta yi aikin da aka ajiye ta dominsa ba.

Abu biyu ne ke cinye cajin batir alhali mota na tsaye. Na farko, mota ba ta yin barci gaba ɗaya ko an zare makulli. Agogo na tafiya, kwamfutar inji na riƙe da bayananta, na'urar da ke jiran rimot na saurare. A mota mai lafiya wannan jan wuta bai cika wuce miliyamfiya 50 ba. Kamar ba komai ba ne, amma a lissafa: 50 sau awa 24 ya ba da amfiya 1.2 a rana, wato 36 a wata. Batiran ƙananan motocinmu galibi 60 ne zuwa 75, lambar tana rubuce a jiki. Ka ga kenan cikin wata guda rabi ya tafi. Idan an sa mata tiraka, ko wata rediyo ko fitilar ado da aka jona kai tsaye ba ta bayan makulli ba, mako biyu ma ya isa.

Na biyu shi ne zafi. Batir ko ba a jona shi da komai ba yana zubar da cajinsa a hankali, kuma duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 saurin zubarwar kusan ninkawa yake. Wanda ya san Potiskum daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san halin da mota ke ciki a rumfar kwano. Mutane na ɗora wa sanyin hunturu laifi saboda a lokacin ne mota ke ƙin tashi da asuba, alhali zafin bazara ne ya riga ya cinye batirin, sanyi tona asiri kawai ya yi.

Abin da ya fi muni shi ne batirin da ya sauka ya daɗe a sauke ba ya komawa yadda yake. A cikinsa akwai faranta na dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Idan caji ya sauka, wani farin gishiri na kwanciya a jikin farantan. In an yi caji da wuri sai ya narke ya koma cikin ruwan. In aka bar shi makonni sai ya daskare ya yi tauri, ba cajar da za ta narkar da shi duka. Shi ya sa za ka kai wa mai caji ya kwana biyu a kan waya, mota ta tashi yau, jibi ta sake kwanciya. Ba mai cajin ne ya cuce ka ba, batirin ne ya koma kamar randa mai rabin cike da yashi.

To mene ne mafita? Ya danganta da tsawon tafiyarka da kuma wanda ka bari a gida.

Abin da aka fi yi shi ne a ce wa ƙane ko mai gadi, "ka riƙa tayar da ita kullum da safe ta yi wamin." A ganina wannan ita ce dabarar da ta fi cin mai kuma ta fi ƙarancin amfani. Kik na jan amfiya sama da 100 a 'yan daƙiƙun da yake juya inji. Minti biyar a sulo zai iya mayar da wannan, amma ba zai cike giɓin kwanaki ba, balle idan yaro ya kunna AC da waƙa yana zaune a ciki. Batir a hankali yake shan caji, kamar busasshiyar ƙasa da ruwan farko. Gara sau ɗaya a mako ko kwana goma a fita da ita kan titi, a yi tafiyar aƙalla minti 30 ba tsayawa. A hau hanyar Damaturu a kai Damagum a juyo, ko a nufi Nangere. Taya, birki da giya ma suna amfana da wannan. Kuma kada a taɓa barin inji na aiki a rufaffen gareji, hayaƙinsa irin na janareta ne da ke kashe mutane cikin barci.

Sai dai kowa ya san matsalar ba da makulli. Ka ce a kai Damagum, a wayi gari motarka na rakiyar amarya. Idan ba ka da wanda ka yarda da tuƙinsa, kuma za ka wuce mako uku, cire kan batir ya fi kwanciyar hankali. Sufana mai lamba 10 ce ke kwance yawancinsu. Ka kashe mota, ka zare makulli, ka kwance kan da ke da alamar ragi (-), wanda galibi baƙar waya ce, ka lanƙwasa shi gefe ka naɗe da tsumma yadda ba zai koma ya taɓa ba. Dalilin farawa da ragi shi ne jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da shi. Idan ka fara da kan tarawa (+) sufana ta goga ƙarfen mota, tartsatsi zai tashi, yana iya ƙona hannu ko fis. Wajen mayarwa kuma a juya: tarawa farko, ragi daga baya.

Kafin ka yi haka ka gwada ko makullin hannu na buɗe ƙofar direba, domin rimot ba zai yi aiki ba, kuma akwai motocin da ramin makullinsu ya shekara ba a taɓa shi ba har ya cije. Agogo zai goge, wasu rediyoyi, musamman na Honda, za su nemi lambar sirri. Wata motar kan yi ɗan rawar sulo na ɗan lokaci kafin kwamfutarta ta daidaita. Tiraka ma za ta daina aiki idan ɗan batirin cikinta ya ƙare, sai ka auna wanne ya fi maka.

Idan tafiyar ta watanni ce, a ciro batirin ɗungurungum, a kai a cika shi da caji tukuna, a ajiye a ɗaki mai inuwa da iska inda yara ba sa kaiwa. Duk wata ɗaya zuwa biyu a sake kai shi caji. Maganar cewa siminti na shanye caji ta samo asali ne daga batiran da, masu akwatin katako. Na yanzu roba ce, ɗora shi kan katako ba laifi amma ba dole ba ne. Abin da ya kamata ka ja kunnen mutanen gida a kai shi ne kada su mayar da shi na kunna fanka da cajin waya idan an ɗauke wuta. Batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci ya koma ya cika. Na inbata ne ke jure a zuƙe shi a sake cikawa, na mota 'yan lokuta kaɗan za a yi masa haka ya gama.

Dabarar da na fi so, kuma ta dace da garinmu, ita ce ƙaramin faifan sola. Akwai caja ta musamman da ake barinta jone da batir tana ɗiga masa wuta kaɗan-kaɗan, Turawa na amfani da ita sosai, amma tana son lantarki mai tsayawa. Rana kuwa ba mu da ƙarancinta a Yobe. Faifai mai wat 10 na ba da kusan rabin amfiya idan rana ta take, awa biyar kenan ya mayar da fiye da abin da motar ke sha a yini. A ɗora shi kan rumfa, motar na inuwa, a jawo waya zuwa kan batir kai tsaye, a sa fis kusa da kan tarawa. Kada a bi ta ramin kunna sigari, domin a yawancin motocin Japan ramin na mutuwa da zarar an zare makulli. A haɗa da ƙaramar kwantirola, ita ce ke tsayar da caji idan batir ya cika, in ba haka ba sai ya tafasa ruwan ya ƙafe. Lokacin hunturu a sa yaro ya riƙa goge ƙurar da ke kan faifan.

Da ƙaramar mita ta hannu, irin ta masu gyaran rediyo, wanda ke gida zai iya aunawa ya turo maka hoto ta WhatsApp. Da safe, kafin a tayar da inji: bolt 12.6 batir a cike yake, 12.4 ya fara sauka a kai shi caji, 12.2 rabi ne, 12.0 zuwa ƙasa yana lalacewa. Idan inji na aiki ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. In ta tsaya a 12 da 'yan kai, altaneta ce ba ta caji, ko ka sayi sabon batir haka zai mutu.

Batir mai murafu a sama yana son a duba ruwansa, ya rufe farantan. Idan ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ko fiya wata ba. Farin garin da ke taruwa a kan batir a wanke shi da ruwan ɗumi da ɗan bekin soda, kada ya shiga ciki, a goge, a ɗaure tam, a shafa giris ko basilin. Masu barin mota a Legas ko Fatakwal su zo gida su fi kula da wannan, damshin can na saurin cin kawunan. Ba a shan taba ko kunna ashana kusa da batirin da ke caji, iskar da yake fitarwa na kamawa da wuta.

Idan ka dawo ka tarar ya riga ya kwanta, otomatik ba a tura ta. A jona da wata motar: ja zuwa tarawa a duka biyun, baƙa daga ragin mai lafiya zuwa wani ƙarfe a jikin injin taka, nesa da batirin. Ta tashi, kada ka ce shi ke nan altaneta za ta ƙarasa. Ka kai batirin ya kwana a caja, sannan mai wayarin ya gwada shi da lodi. In ya ce ya mutu, ka tafi da tsohon wajen mai sayarwa, ana rage kuɗi da shi. Kada a bar shi a tsakar gida yara su fasa, dalmar da ke ciki guba ce, irin wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Sabon kuma ka sa a auna shi a gabanka kafin ka biya, domin wanda ya daɗe a shago cikin zafi ya fara tsufa tun ba a ɗaura shi ba.