Fim ɗin 'Maria' da kwanakin ƙarshe na mawaƙiya Maria Callas

A ranar 16 ga watan Satumban 1977 ne Maria Callas, wadda jama'a da dama ke ɗauka a matsayin mawaƙiyar opera mafi shahara a ƙarni na 20, ta rasu sakamakon bugun zuciya a gidanta da ke birnin Paris, tana da shekaru 53.

Makon ƙarshe na rayuwarta shi ne jigon fim ɗin Maria, wanda aka fara nunawa a bikin finafinai na birnin Venice a watan Agustan 2024, kafin kamfanin Netflix ya sake shi a Amurka a ƙarshen shekarar.

Pablo Larraín, ɗan ƙasar Chile, shi ne ya ba da umarni, Steven Knight ya rubuta labarin, Angelina Jolie kuma ta fito a matsayin Callas.

Tambayar da fim ɗin ya ɗora komai a kanta ita ce: me ya rage wa mawaƙiya idan muryar da ta ɗaukaka ta ta gaza?

Mece ce opera?

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa cikin waƙa, tare da babbar tawagar makaɗa. Ta samo asali ne a Italiya a wajejen shekarar 1600.

Bisa al'ada mawaƙin opera ba ya amfani da makirufo. Dole muryarsa ta ratsa sautin gomman kayan kiɗa ta kai ga wanda ke zaune a kujerar ƙarshe ta zauren da ke cin mutum dubu biyu ko fiye.

Shi ya sa rauni kaɗan a murya ke iya kawo ƙarshen sana'ar mutum.

Daga New York zuwa Milan

An haifi Callas a birnin New York a watan Disamban 1923, iyayenta kuwa Girkawa ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka.

A 1937 mahaifiyarta ta koma da ita birnin Athens, inda ta koyi waƙa a hannun Elvira de Hidalgo, 'yar ƙasar Sifaniya. A can yaƙin duniya na biyu ya same ta, lokacin da sojojin Jamus da Italiya suka mamaye Girka.

Tauraruwarta ta fara haskawa a Italiya a 1947, lokacin da ta yi waƙa a birnin Verona. A 1949 ta auri Giovanni Battista Meneghini, wani attajiri da ya girme ta nesa ba kusa ba, wanda ya zama mai kula da harkokinta.

A shekarun 1950 ta zama sarauniyar zauren La Scala na birnin Milan. Masana na yaba mata saboda farfaɗo da tsofaffin ayyukan Bellini da Donizetti, da kuma haɗa waƙa da ƙwarewar wasan kwaikwayo. Ta rera Norma, aikin Bellini, kusan sau 90.

Sai dai ɗaukakar ta zo da ce-ce-ku-ce. A watan Janairun 1958 ta dakatar da wasan Norma a birnin Rum bayan kashi na farko saboda rashin lafiya, alhali shugaban Italiya Giovanni Gronchi na cikin 'yan kallo. Jaridu suka yi mata caa.

Onassis da dusashewar murya

A 1959 ta ƙulla soyayya da Aristotle Onassis, hamshaƙin attajirin Girka mai jiragen ruwa, aurenta da Meneghini kuma ya mutu. Daga nan ta rage fitowa waƙa.

Wasan opera na ƙarshe da ta yi shi ne Tosca, a Landan, a watan Yulin 1965. A 1968 Onassis ya auri Jacqueline Kennedy, matar marigayi shugaban Amurka John Kennedy.

Callas ta yi yunƙurin dawowa a wani rangadi tare da Giuseppe di Stefano a 1973 da 1974, wanda ya ƙare a birnin Sapporo na Japan. Jama'a sun yi ta tafi, amma masu sharhi sun ce muryar ba ta da ce ba.

Ra'ayin masana ya bambanta kan dalili. Wasu na danganta shi da rage ƙiba da ta yi ta kimanin kilo 36 tsakanin 1953 da 1954, wasu da waƙoƙi masu nauyi da ta ɗauka tun tana ƙarama. A 2010 kuma wasu likitocin Italiya sun ce wata cuta ce mai raunana tsokoki ta taɓa maƙogwaronta.

Gaskiya da ƙirƙira

Fim ɗin ya nuna Callas a keɓe a gidanta, babu kowa sai ma'aikatanta biyu, Ferruccio da Bruna, da karnukanta. Waɗannan ma'aikata mutane ne da suka rayu da ita da gaske.

Amma ɗan jaridar da ke bin ta yana mata tambayoyi a titunan Paris ƙirƙirarre ne. An raɗa masa suna Mandrax, sunan ƙwayar sa barci da take sha, don a nuna cewa a cikin kanta kawai yake.

Ta hanyar wannan hira ce ake komawa baya, a hotuna marasa launi, zuwa ƙuruciyarta a Athens, da rashin jituwarta da mahaifiyarta, da zamanta da Onassis, wanda ya rasu a 1975.

Ana kuma ganin ta tana zuwa wani zaure babu kowa sai mai kaɗa piyano, tana gwada muryarta. Abin da fim ɗin ke nunawa shi ne mace da ta shafe rayuwarta tana waƙa don mahaifiyarta, da mijinta, da 'yan kallo, yanzu kuma tana son ta yi don kanta.

Jolie ta shafe kimanin watanni bakwai tana koyon waƙar opera. An gauraya muryarta da ta Callas: inda ake nuna lokacin ganiyarta muryar Callas ce ta rinjaya, a kwanakin ƙarshe kuwa an fi jin ta Jolie.

Yabo da suka

Maria shi ne na uku a jerin finafinan Larraín kan shahararrun mata, bayan Jackie na 2016 kan Jacqueline Kennedy, da Spencer na 2021 kan Gimbiya Diana.

An sanya Jolie cikin masu neman lambar yabo ta Golden Globe, shi kuma mai ɗaukar hoto Edward Lachman cikin masu neman ta Oscar, ko da yake babu wanda ya samu a cikinsu.

Wasu masu sharhi sun yi ƙorafin cewa fim ɗin ya fi karkata ga rauninta da shan ƙwayoyi, ya rage hasken ƙwararriyar da ta san aikinta ciki da bai, wadda har ta koyar da matasan mawaƙa a makarantar Juilliard ta New York a 1971 da 1972.

Ga wanda ke son sanin dalilin da ya sa ake yi mata wannan kirari, faya-fayanta na nan, ciki har da Tosca da ta naɗa a 1953, wanda har yau masana ke kafa misali da shi.

An ƙona gawarta a Paris, aka kuma watsa tokar a tekun Aegean a 1979. A 2023, shekaru 100 da haihuwarta, aka buɗe gidan tarihi da sunanta a birnin Athens.